Yadda Ake Auna Cika-bakin Yaro

Tambayi ɗan shekara biyar ko ya iya gudu, zai ce maka ko babur ba ya kamo shi. Masu nazarin tasowar yara ba su ɗauki wannan a matsayin shirme ba. A wurinsu, yadda yaro ke kallon iyawarsa abu ne da ake aunawa daban da abin da jikinsa ke iya yi.

Wahalar ita ce yaron bai iya karatu ba, kuma in babba ya tambaye shi, yakan faɗi abin da yake jin ana so ya faɗa. A 1984 Susan Harter da Robin Pike na Jami'ar Denver a Amurka suka fito da dabarar hotuna. Za a nuna wa yaro zane biyu, ɗaya na yaron da ya ƙware, ɗaya na wanda bai ƙware ba, a ce ya nuna wanda ya fi kama da shi. Sai a sake tambaya: sosai ne ko kaɗan? Haka amsar ke zama maki 1 zuwa 4.

A 2015 Lisa Barnett ta Jami'ar Deakin a Ostireliya da abokan aikinta suka tsara irin wannan ma'auni kan motsi 12, shida na tafiya kamar gudu da tsalle da ƙafa ɗaya, shida na sarrafa ƙwallo kamar jifa da cafewa da shuri. Da gangan suka daidaita su da gwajin motsi na Dale Ulrich, don a jera abin da yaro ya ce da abin da ya aikata.

Ƙananan yara kan zuzuta kansu, sai wajen shekara takwas hasashensu ke matsowa kusa da gaskiya, lokacin da suka fara gwada kansu da tsara. A ganina nan ne abin lura yake. Wanda ya yarda ya iya, shi ke ci gaba da shiga wasa har ya iya ɗin. Wanda ya yanke cewa bai iya ba sai ya koma gefe, ƙwarewar ta wuce shi. David Stodden da abokansa sun gina bayaninsu na 2008 a kan wannan alaƙa.

Sai dai ma'aunin na da tabon inda aka haife shi. Cikin motsin har da dukan ƙwallo da sanda irin na wasan Amurka. Yaron da ya tashi yana langa zai gane tsalle da ƙafa ɗaya nan take, amma zanen sandar nan sai an yi masa bayani, kuma amsarsa a kai zato ce kawai.