Rama da Tamowa a Ƙasar Gobir: Ina Mafita?

Bahaushe ya bambanta siriri da ramamme. Siranta halitta ce, amma rama alama ce ta cewa jiki ya rasa wani abu. Idan ta kama yaro har ta ci ƙarfinsa, sunanta tamowa. Wanda ya san ƙauyukan Sabon Birni da Isa ya san yadda waɗannan kalmomi suka yawaita a bakin jama'a.

Likitoci suna da ma'auninsu. Ga babba, akan raba nauyinsa na kilo da tsawonsa na mita sau biyu. Idan sakamakon ya gaza 18.5, ya rame. Ga yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5, akan auna kaurin damtsensa. Ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani.

Dalilan rama suna da yawa: tsutsar ciki, yawan gudawa, zazzaɓin cizon sauro, tarin fuka, ciwon suga, da damuwa mai hana cin abinci. A wannan yanki kuwa, babban dalili shi ne rashin tsaro. A 2019 dubban mutane suka tsere zuwa Gidan Rumji a jihar Maraɗi, 'yan bindiga suka kore shanu, suka ɗora wa manoma haraji. Gidan da ya rasa saniya ya rasa nono, wanda ya rasa gona ya rasa gero da wake.

Abin takaici, wasu mata sukan nemi ƙiba ta hanyar ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, irin su Dexamethasone. Kumburi da teɓa suke kawowa, tare da haɗarin hawan jini, ciwon suga da raunin ƙashi.

Hanya mai kyau ita ce a fara zuwa asibiti a gano musabbabin ramar. Daga nan a riƙa ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana: fura da nono, kunun gyaɗa, wake, ƙwai, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Abincin Plumpy'Nut da ya ceci dubban yara a Maraɗi a 2005, gyaɗa da madara ne tushensa.

Sai dai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wannan shawara ba za ta amfani wanda rumbunsa ya ƙone ba. Wajibi ne gwamnati ta mayar da manomi gonarsa cikin aminci kafin damina ta sauka.