Gidajen talakawa a bakin tasha: abin da ya faru a Fruitvale

A manyan biranen Amurka, ƙasar da ke kewaye da tashar jirgin ƙasa ba ta daɗewa da arha. Masu kuɗi su saya, su tayar da benaye, haya ta hau, sai talakan da ya fi kowa bukatar jirgin ya kwashe kayansa ya koma bayan gari. Wannan ne ya sa mazauna unguwanni suka fara neman a saurare su kafin a aza tubali ko ɗaya a bakin tasha.

Unguwar Fruitvale a birnin Oakland, jihar Kalifoniya, ita ce aka fi kafa misali da ita. Yawancin mutanenta 'yan asalin Meziko ne da ƙasashen Amurka ta Tsakiya. A 1991 hukumar jiragen BART ta ce za ta gina katafaren benen ajiye motoci a gaban tashar unguwar. Ƙungiyar unguwar mai suna Unity Council, wadda aka kafa tun 1964, ta ce ba ta yarda ba. Hujjarta a fili take: benen zai zama katanga tsakanin tashar da shagunan babban titin unguwar. Fasinja ya sauko daga jirgi, ya shige motarsa, ya wuce, bai sayi ko burodi ba, sai hayaƙi ya bar wa mutane.

Abin da ya bambanta su da masu zanga-zangar kwana ɗaya shi ne sun ɗauki aikin a kansu. Ƙarƙashin jagorancin Arabella Martinez suka riƙa kiran taron mazauna, suka zana abin da suke so, suka nemo kuɗi daga gwamnati da masu ba da tallafi. Aka matsar da wurin motocin gefe. A 2004 aka kammala kashi na farko: fili na masu tafiya a ƙafa daga ƙofar tasha zuwa titi, da asibitin unguwa, da ɗakin karatu, da wurin renon yara, da cibiyar tsofaffi.

Sai dai gidajen da aka gina a lokacin 47 ne kawai, kuma 10 daga ciki aka keɓe wa masu ƙaramin ƙarfi. A ganina nan ne raunin aikin yake. Unguwa ta gyaru, ta ja hankalin mutane, amma gidajen da za su kare ɗan haya daga tsada ba su iso ba sai a 2019, lokacin da aka buɗe Casa Arabella mai gida 94, sannan Casa Sueños mai 181 ta biyo a 2024. Kuɗin irin wannan gini daga aljihu da yawa ake harhaɗo shi, kowa da sharaɗinsa, shi ya sa shekaru ke tafiya. Iyalin da haya ta kora a tsakanin nan ba su ci moriyar komai ba.

Duk da haka, binciken da jami'ar UCLA ta fitar a 2018 ya nuna kuɗin shigar mazauna ya ƙaru ba tare da unguwar ta rasa mutanenta na asali ba, abin da ba kasafai ake gani a yankin San Faransisko, inda Oakland take, ba.

Jin ta bakin mazauna ba kullum yake haifar da gidaje ba. A unguwannin masu hali, irin wannan taron mazauna ne masu gidajen kansu ke zuwa su hana gini, da sunan cunkoso ko inuwar bene. Ɗan haya da ke aikin dare ba ya samun zuwa. Har sai da Kalifoniya ta yi doka a 2018 ta ba BART ikon tsara gini a filayenta na bakin tasha ko da ƙaramar hukuma ta ja ƙafa. A Fruitvale kuwa, masu bukatar gidan ne ke da ƙungiya, kuma ƙungiyar tana cikin masu ginin.