Aigues-Mortes: Garin ganuwa da ya rasa tasharsa, gishiri ya riƙe shi

Matafiyin da ya nufi garin Aigues-Mortes a kudancin Faransa yakan hango ganuwarsa tun daga nesa, tsaye a tsakiyar fadamar ruwan gishiri. Ma'anar sunan garin ita ce "matattun ruwaye", saboda ruwan da ke kewaye da shi kwance yake, ba ya gudu.

Sarki Louis na 9 ne ya kafa garin wajen shekarar 1240, domin masarautarsa ta samu tashar jiragen ruwa ta kanta a gaɓar Bahar Rum. Daga nan ya tashi zuwa yaƙin Salibiyya a Masar a 1248, inda aka ci shi da yaƙi, aka kama shi. A 1270 ya sake tashi zuwa Tunis, can kuma ya mutu.

Ɗansa Philippe na 3 ya fara gina ganuwar a 1272. Tsawonta ya kai kimanin mita 1,600, kuma har yau mai ziyara na iya hawa kanta ya zagaya garin da ƙafa.

Koma bayan garin ne ya kare ganuwar. Yashi da laka sun riƙa toshe hanyar jiragen ruwa, sannan a 1481 yankin Provence ya shigo hannun sarkin Faransa, tashar Marseille ta kwashe cinikin. Da garin ya daina bunƙasa, ba a ga dalilin rushe katangar don faɗaɗa shi ba.

A wata kusurwar ganuwar akwai hasumiyar Constance, wadda aka mayar kurkuku. A cikinta aka tsare Marie Durand shekara 38, daga 1730 zuwa 1768, saboda ta ƙi barin ɗarikar Furotesta.

Daga saman katangar ta kudu ake ganin tafkunan gishiri. Da zafi ya tsananta, ruwansu kan koma launin hoda saboda wata ƙaramar gansakuka da ido ba ya gani. Aikin gishirin ma yana da tabonsa: a watan Agusta na 1893, rikici tsakanin leburori ya kai ga kashe 'yan Italiya aƙalla takwas.

Yanzu fargabar ita ce dawowar ruwan. Yankin Camargue, inda garin yake, kusan daidai yake da tsayin teku, ga shi kuma ɗumamar yanayi na ƙara ɗaga tekun kowace shekara.