Tarihi da Yanayin Rayuwar Zamfarawa a Yankin Talata Mafara, Bakura da Maradun

2.1 Gabatarwa

Wannan fasali zai yi ƙoƙarin bayyana ko su wane ne Zamfarawa, da yadda suka watsu zuwa yankin da ake nazari, da kuma irin rayuwar da suka gina a bakin Gulbin Sakkwato. Za a lura da cewa sau biyu mutanen wannan ƙasa suka rasa muhallin da rayuwarsu ta dogara a kai, na farko ta hanyar yaƙi, na biyu kuwa ta hanyar aikin raya ƙasa.

2.2 Asali da Kafuwar Daula

Tarihin baka ya nuna cewa Dutsi, wanda ke cikin ƙasar Zurmi a yau, shi ne mazaunin farko na Zamfarawa, kuma Dakka ne ake ambata a matsayin sarkinsu na farko. Daga baya aka gina Birnin Zamfara kusa da garin Isa na yanzu, ya zama hedikwatar daula. Labarin Bayajida ya sanya Zamfara cikin Banza Bakwai, sai dai Garba Nadama, a kundinsa na digiri na uku na shekarar 1977, ya nazarci Zamfara a matsayin cikakkiyar daular Hausa mai sarauta da kasuwanni da malamai.

A ƙarni na 18 ne Gobirawa suka yi ta shigowa ƙasar Zamfara, aka ba su wurin zama a gonar alƙalin Zamfara, wurin da ya zama Alƙalawa. Da suka yi ƙarfi, Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara da yaƙi a wajajen shekarar 1762. Wannan ne ya tarwatsa gidan sarauta zuwa wurare irin su Kiyawa da Sabon Gari, kafin a ƙarshe ya zauna a Anka. Daga wannan lokaci Zamfarawa ba su sake haɗuwa a ƙarƙashin birni ɗaya ba, sai kowane gari ya riƙe sarkinsa.

2.3 Zamanin Jihadi da Zuwan Turawa

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadin 1804, kuma Faru, da ke cikin ƙaramar hukumar Maradun a yau, yana cikin garuruwan da ya zauna. Da farko sarakunan Zamfara sun goyi bayan jama'ar Shehu saboda tsohuwar gabarsu da Gobir, amma daga baya dangantaka ta yi tsami. Bayan kafuwar daular Sakkwato, garuruwan yankin suka koma ƙarƙashin Sarkin Musulmi. Mutanen Mafara sun yi bore a shekarar 1891, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya murƙushe shi. Da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, sai waɗannan garuruwa suka zama gundumomi a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato.

Sunayen sarautun yankin sun isa shaida cewa ba jinsi ɗaya ke zaune a nan ba. Akwai Sarkin Mafara, da Sarkin Burmin Bakura wanda sarautarsa ke nuni ga Burmawa, da Sarkin Kayan Maradun. Auratayya da Musulunci da harshe ɗaya sun cuɗanya Zamfarawa da Burmawa da Gobirawa da Fulani, har ta kai ba a cika bambanta su ba sai an bi salsala.

2.4 Sana'o'i, Harshe da Al'adu

Noma shi ne ƙashin bayan rayuwar mutanen wannan yanki. Da damina ana noma gero da dawa da wake da auduga a tudu. Idan gulbi ya yi ambaliya ya janye, yakan bar danshi da taki a fadama, inda ake samun shinkafa da rake da albasa da dankali. Masunta kuma suna yin su a gulbi da tafkunan da ruwa ya bari, Fulani na shayar da shanu da rani. Kasuwar ranar Talata ita ce ta ba garin Talata Mafara sunansa.

Ta fuskar harshe, ana magana da karin Hausar yamma, inda ake cewa "hwarko" a maimakon "farko", da "biyat" a maimakon "biyar". Haka kuma yankin ya yi fice a kiɗan fada, domin daga nan ne aka sami Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, da kuma Sa'idu Faru.

2.5 Madatsar Ruwa ta Bakalori

Tsakanin 1974 da 1978 gwamnatin tarayya ta gina madatsar Bakalori a kan Gulbin Sakkwato, ta hannun kamfanin Impresit na ƙasar Italiya, da nufin noman rani na zamani. Tafkin madatsar ya cinye gonaki da ƙauyuka a ƙasar Maradun, aka tayar da dubban iyalai. A ƙasan madatsar kuwa ambaliyar shekara-shekara ta ragu, noman shinkafar fadama da kamun kifi suka ja baya. Rikicin diyya ya sa manoma suka tare hanyoyin aiki, kuma a watan Afrilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta a Birnin Tudu. Adadin mamatan da gwamnati ta bayar bai kai ko kusa da ɗaruruwan da mutanen yankin suka ce an kashe ba.

2.6 Naɗewa

Akwai al'ummomin da yaƙi ya shafe, sunansu kawai ya saura. Misali, ƙabilar Kori ta gaɓar tekun Karolina ta Arewa a Amurka ta ƙare a matsayin al'umma bayan yaƙin Tuskarora na 1711 zuwa 1715, sai wani mashigin ruwa da ke ɗauke da sunanta. Lamarin Zamfarawa ya sha bamban, domin sun rasa birninsu amma zuriyarsu da sarautarsu sun ɗore, har sunan ya dawo a matsayin jiha ranar 1 ga Oktoba, 1996. Abin da ke barazana ga rayuwar mutanen yankin a yau shi ne hare-haren 'yan bindiga da suka tsananta tun bayan 2011, waɗanda ke raba manoma da gonakinsu da ƙauyukansu.