Zazzaɓin Gado na Bahar Rum

Zazzaɓin gado na Bahar Rum cuta ce ta kumburi da ake gada daga iyaye, wadda ke sa zazzaɓi da ciwon ciki ko na ƙirji ko na gaɓoɓi su riƙa dawowa lokaci bayan lokaci. Ba sauro ke kawo ta ba, kuma ba a ɗaukar ta daga mai ita. An fi samun ta a tsakanin Turkawa da Armeniyawa da Larabawa da Yahudawa. Wani likita a Amurka, Sheppard Siegal, ya yi cikakken bayaninta a 1945.

Musabbabi

Cutar na tasowa ne daga sauyi a ƙwayar gado mai suna MEFV, wadda ke kan kiromosom na 16. An gano wannan ƙwaya a 1997. Galibi sai yaro ya gaji sauyin daga uwa da uba duka kafin cutar ta bayyana, shi ya sa ta fi yawa inda ake auren zumunci. Sauyin da ake kira M694V shi ne ya fi tsanani.

Yadda take aiki a jiki

Ƙwayar MEFV ce ke ɗauke da bayanin haɗa wani furotin mai suna pairin, wanda ke cikin fararen ƙwayoyin jini. Aikinsa gadi ne: idan gubar wasu ƙwayoyin cuta ta taɓa ƙwayar jinin, sai ya tada wani sinadari, kaspes-1, shi kuma ya saki interlukin-1 beta, wanda ke kawo zazzaɓi da kumburi. A jikin mai wannan cuta, pairin yana tashi a kan abu kaɗan, ko da babu ƙwayar cutar da ta shiga. Daga nan fararen ƙwayoyin jini ke tururuwa zuwa tantanin da ya lulluɓe ciki da huhu da gaɓoɓi, wurin ya kumbura.

Alamomi da haɗari

Yawanci ciwon na farawa kafin shekara 20. Idan ya tashi yakan ɗauki kwana 1 zuwa 3, sannan ya lafa da kansa. Ciwon cikin kan yi kama da na afendis, har akan yi wa wasu tiyatar da ba su buƙata. Babban haɗarin yana ga ƙoda: kumburin da ya daɗe yana sa hanta ta yawaita wani furotin da ke taruwa ya zama amiloid, a hankali ya lalata ƙodar.

Magani

Tun 1972 ake amfani da kolcisin, wanda ake sha kullum tsawon rayuwa. Yana rage tashin ciwon, yana kuma hana taruwar amiloid. Waɗanda bai yi wa aiki ba akan ba su allurar anakinra ko kanakinumab, masu toshe interlukin-1.