Ɗan Jinkirin da Ke Hana Inbata Ƙonewa

A cikin inbatar sola akwai manyan turanzista, MOSFET ko IGBT, an jera su bibbiyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Kunnuwa suke yi suna mutuwa bi da bi, sau dubbai cikin sakan guda, har wutar batir ta koma irin wadda kayan gida ke sha. Ƙwaƙwalwar na'urar da ke ba su umarni ba ta da ƙarfin tuƙa su, kuma babbar wuta na taɓa ta ta gama yawo. Shi ya sa ake sa aisi mai tuƙi a tsakani. A cikinsa akwai shinge: saƙo na ƙetarewa, wuta ba ta ƙetarewa. Shingen aisin UCC21520, ƙirar Texas Instruments, yana jure volt 5,700 a gwaji.

Matsalar ita ce turanzista ba ya mutuwa nan take. Idan na ƙasa ya kunnu alhali na sama bai gama rufewa ba, wuta za ta bi ta cikinsu kai tsaye ba abin da ya tare ta, su ƙone kafin ƙiftawar ido. Maganin shi ne a bar ɗan lokaci duka biyun suna kashe, kamar yadda danjar mararraba ke nuna wa kowa ja kafin ta saki wani hannu.

Tsawon wannan jinkiri resista guda ce ke yanke shi, 'yar mitsitsiya, wadda ake haɗawa daga ƙafar aisin da aka rubuta wa DT zuwa layin ƙasa. A UCC21520 lissafin ba wuya: kowane kilo-om ɗaya na ba da nanosakan 10, ka ga kilo-om 20 nanosakan 200 ke nan. Idan kuwa aka haɗe ƙafar da wutar da ke ciyar da aisin, an cire kariyar gaba ɗaya. Ana so a manna resistar dab da ƙafar, da ƙaramar kafasita a gefenta, don kada hayaniyar wuta ta rikita lissafin.

Kada a ce to a tsawaita jinkirin a huta. In ya yi yawa, wuta na daɗewa tana bin dayod ɗin cikin MOSFET, zafi ya ƙaru, surar wutar da ke fita ta karkace.

Nan ne mai gyara ya kamata ya natsu, kuma a ganina nan aka fi yin ganganci. Turanzista ya ƙone, babu irinsa a kasuwa, sai a sa wani mai lamba daban wanda ya fi jinkirin rufewa, a bar tsohuwar resistar DT yadda take. Haka in aka ƙara girman resistar da ke bakin get ɗin turanzistan, wato ƙafar da ake tuƙa shi da ita, rufewar na ƙara nawa. Inbata za ta tashi lafiya a kan tebur, sai an ɗora mata firji ta yi hayaƙi. Duk wanda ya canja ɗaya daga cikin ukun nan, turanzista ko resistar get ko ta DT, sai ya sa osiloskof a kan get biyun, ya ga tazarar da idonsa kafin ya mayar da murfi.