Abin da Ya Hana Squid Ajiya a Kwanar Dangora

Datar da Alhaji yake saye ta wata guda ta fara ƙarewa tun wata bai raba ba. Shagonsa na intanet ne, ƙarami, a Kwanar Dangora, inda hanyar Tudun Wada da Doguwa, mai ratsa dajin Falgore ta nufi Jos, ta ɓalle daga babban titin Kano zuwa Zariya. Kwamfutoci ba su ƙaru ba, masu shigowa ma su ne dai na kullum: ɗalibai daga Kiru da Bebeji masu duba sakamakon WAEC da NECO, malaman makaranta masu cike fom, sai 'yan kasuwa masu tura takardu. Abu ɗaya ne ya sauya. An sabunta kwamfutar da ke ƙarƙashin tebur daga Ubuntu 12.04 zuwa 14.04, wanda ya fito a Afrilun 2014, kuma da wannan ne manhajar Squid ta tashi daga 3.1 zuwa 3.3.

Aikin Squid ajiya ne. Duk abin da kwamfutocin shago suka nema daga intanet ta hannunta yake bi. In mutum na farko ya buɗe shafi, sai ta riƙe kwafin hotunan da sauran tarkacen shafin. In na biyu ya zo neman abu ɗaya, ta miƙa masa daga faifai ba tare da an taɓa data ba. A wurin da ake biyan kuɗin kowace megabait, wannan ajiyar tana cikin ribar shago. Komai kuwa a rubuce yake a kundinta mai suna access.log: TCP_HIT na nufin an samu a ajiya, TCP_MISS na nufin sai da aka fita waje aka ɗauko. Da muka buɗe kundin ni da yaron shagon, layi bayan layi MISS ne, sai jefi-jefi HIT ya gilma.

"Malam, a mayar mini da tsohuwar kawai," in ji Alhaji. "Lafiya lau muke zaune da ita."

"Alhaji, a yi mini haƙuri zuwa gobe. In an mayar ba a san dalili ba, wata rana za a sake cin karo da shi."

Zargin farko ya faɗa kan fayil ɗin saiti, domin sabuntawa kan kawo sabon squid.conf, kuma wanda Ubuntu ke zuwa da shi ba ya ajiya a faifai sai an buɗe layin cache_dir da hannu. Muka duba. Tsohon saitin yana nan, layin a buɗe yake, faifan kuma da sauran fili.

Zargi na biyu ya fi ƙarfi. A lokacin manyan shafuka suna komawa HTTPS. Facebook ya riga ya mayar da kowa kansa tun 2013. Abin da aka kulle tsakanin burauza da shafi Squid ba ta ganin cikinsa, balle ta ajiye. Yaron ya tsaya a kan cewa wannan ne. Amma a tsarin shagon, zirga-zirgar tashar 80 kaɗai ake karkatarwa zuwa Squid, wato HTTP zalla. Na kulle ta tashar 443 suke wucewa, ba sa ma shiga kundin. Waɗannan layukan MISS duk buɗaɗɗun shafuka ne. Sannan Facebook bai jira ranar da aka sabunta kwamfutar Alhaji ba kafin ya kulle ƙofarsa, alhali tsohon kundin ya nuna faɗuwar ta zo ne rana guda.

Daga nan muka daina ƙirga layuka, muka koma duba waɗanne shafuka ne ake ajiyewa, waɗanne ne ba a ajiyewa. Nan bakin zaren ya fito. Ƙananan shafuka, irin na makarantu da ke zaune a kan saba guda, HIT suke bayarwa kamar da. Masu nauyin ne suka ƙi: sabuntawar Windows, ta manhajar kashe bairos, hotunan manyan kafafen labarai. Na sa yaron ya sauke fayil ɗaya a kwamfuta ta farko, ya koma ta kusa da ita ya sake saukewa. Adireshi ɗaya, girma ɗaya, bayanan da suka zo da fayil ɗin ma sun halatta a ajiye shi. Duka biyun MISS. Squid ta karɓa, ta miƙa, ta ƙi riƙewa, kuma ɗaya kundin nata, cache.log, bai ce uffan ba.

Shirun nan ya fi komai damuna. Squid tana da matakan surutu, a mataki na ɗaya kuwa manyan matsaloli kawai take faɗa. Muka ƙara layin debug_options ALL,1 85,3, wanda ke sa sashen da ke tantance buƙatun kwastoma ya yi magana dalla-dalla. Yaron ya sake danna fayil ɗin. Nan take gargaɗi ya cika allo: Squid na zargin an yi jabun sunan shafin da ake nema.

Babu ɗan damfara a shagon, to me ta gani? Muka buga nslookup da sunan shafin a kwamfutar kwastoma, lambar IP ta fito. Muka buga sunan nan dai a kwamfutar Squid, wata lambar daban ta fito. Yaron ya dube ni, ya ce, "Malam, ai duk kwamfutocin 8.8.8.8 aka sa musu tun da daɗewa, an ce ya fi sauri." Wannan DNS ɗin Google ne, wato mai fassara sunan shafi zuwa lambar IP, wanda aka buɗe a Disambar 2009. Ita kuwa Squid wajen DNS na kamfanin da ke sayar wa shagon data take tambaya. Ga shafi mai saba guda, duk wanda ka tambaya amsa ɗaya ce. Amma manyan shafuka a hannun kamfanonin rarraba kaya irin su Akamai suke, masu sabobi a ƙasashe da yawa, kuma amsar da suke bayarwa ta danganta da wanda ya yi tambaya da inda ya tsaya. Duka lambobin biyu halal ne, sai dai ba su dace da juna ba.

Wannan saɓanin ya daɗe a shagon, tsohuwar Squid ce ba ta dubawa. A 2009 aka bayyana wata ɓaraka, mai lamba CVE-2009-0801, a irin waɗannan manhajoji masu tare hanya: muguwar manhaja a cikin burauza za ta iya nufar wata lamba, ta rubuta sunan wani shafi daban a kan buƙatarta, mai tsaron hanya kuma ya yarda da sunan. Daga Squid 3.2, wadda ta fito a 2012, sai aka sa ta riƙa gwada sunan da lambar. Kamar buhu ne a tashar Kwana, an rubuta Tudun Wada a jikinsa amma an ɗora shi a motar Zariya: ba za a hana shi tafiya ba, amma ba mai shigar da shi littafi a matsayin kayan Tudun Wada. Haka take yi. Tana barin buƙatar ta je lambar da kwastoma ya nufa, shafi ya buɗe, amma ba ta ajiye amsar, don kada gurɓataccen fayil ya shiga ajiya da sunan na kirki, a yi ta raba wa duk wanda ya zauna a kujerar. A shagon da yara ke shigar da lambar katin jarrabawarsu, ni ina bayan wannan tsaurin. Abin da nake ganin bai kyautu ba shi ne yin sa a ɓoye, har sai mutum ya san lambar sashen da zai tona.

Gyaran bai ɗauki lokaci ba. Muka sa dnsmasq, mai amsa tambayoyin DNS, a kwamfutar Squid, muka nuna wa Squid ita da layin dns_nameservers, muka cire 8.8.8.8 daga kowace kwamfuta, muka kuma karkatar da tashar 53 ta DNS don masu zuwa da laftof ɗinsu su ma su bi ta nan. Yanzu kowa wuri ɗaya yake tambaya. Yaron ya sauke fayil ɗin a kwamfuta ta farko, MISS. Ya koma ta biyu, TCP_HIT, kafin ya ɗauke hannu daga maus ya gama sauka.

Na gaya wa Alhaji kada ya sa ran komai zai dawo yadda yake shekarun baya. Wasu lambobin suna sauyawa cikin daƙiƙoƙi, don haka saɓani ɗaya-ɗaya zai ci gaba da faruwa, kuma duk shafin da ya koma HTTPS ya fita daga hannun Squid ke nan. Ya tambaya ko har yanzu akwai dalilin komawa tsohuwar, na ce babu. Kafin in kama hanya muka goge layin debug_options, domin in aka bar shi cache.log zai yi ta kumbura har ya cinye filin da ake ajiya a ciki.